Jiragen da Suka Tsaya a Kan Takarda

A shagunan kayan sha'awa na Jamus da Ingila da Japan da Amurka, akan ga wasu kwalaye jere a kan kanta, kowanne da zanen jirgin yaƙi a murfinsa. Ɗaya daga cikinsu na ɗauke da sunan Focke-Wulf Ta 183: gajeren jirgi mai ƙiba, fukafukansa sun karkata baya, doguwar jelarsa ta miƙe sama, yana keta gajimare. A gefen kwalin an rubuta 1/72. Wanda bai sani ba zai ɗauka jirgi ne da ya yi fice a Yaƙin Duniya na Biyu. Alhali kuwa bai taɓa tashi ba, ba a ma gama ƙera ko guda ɗaya ba. Abin da ya wanzu shi ne zanensa a takarda, da lissafin injiniyoyi, da ƙananan siffofin da aka yi gwaji da su. Duk da haka yau ana sayar da samfurinsa, mutane na haɗawa, suna yi masa fenti da lambobin rundunar da bai taɓa shiga ba.

Kafin a fahimci yadda aka kai ga haka, sai an san abin da ke cikin kwalin. In an buɗe, ba jirgi za a tarar ba, sai wasu firam-firam na roba mai tauri, ƙananan sassa na maƙale a jikinsu kamar 'ya'ya a reshe: rabin gangar jirgi na dama da na hagu, fukafukai, tayoyi, kujerar matuƙi da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, da wani ɗan murfi garai-garai na mazaunin matuƙin. Akwai takardar da ke nuna yadda za a harhaɗa, da wata takarda mai ɗauke da tambura da lambobi. Mai haɗawa zai yanko kowane sashe da ɗan almakashi, ya goge bakin yankan da samfefa, ya shafa gam. Gam ɗin nan ba manne yake yi kawai ba, narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, ta yadda in ya bushe sassan biyu sun zama abu ɗaya. Inda ɗinki ya bar tsaga sai a cike da wani ƙulli, a sake gogewa, sannan a fesa fenti. Tamburan kuwa sai an jiƙa takardarsu a ruwa, su saki, a zamo su a hankali zuwa jikin jirgin.

Lambar 1/72 ita ce ma'auni. Ma'anarta kowane tsawo a jikin samfurin kashi ɗaya ne cikin 72 na ainihin jirgin. Asalinta daga awon Ingila ne: ƙafa shida inci 72 ne, saboda haka mutum mai tsawon ƙafa shida zai koma inci ɗaya cif. Kamfanin Skybirds na Ingila ya fara amfani da wannan ma'auni a 1932 da samfuran katako, sannan a 1936 aka fito da na roba na farko da sunan Frog Penguin. Lokacin yaƙi abin ya tashi daga wasa ya zama aiki. Masu harbo jirage daga ƙasa na buƙatar bambance jirgin gida da na abokan gaba da kallo ɗaya, don haka a 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata samfura 500,000 a ma'aunin 1/72, a shafe su da baƙin fenti don a koyi gane siffa. Bayan yaƙi, kamfanoni irin su Airfix a Ingila, Revell a Amurka, Tamiya da Hasegawa a Shizuoka ta Japan, suka mai da abin babbar kasuwa.

Ginshiƙin wannan sha'awa tun farko shi ne kwaikwayo. Akwai jirgi na gaske, a gidan tarihi ko a hoto, kuma gwanintar mai haɗawa ita ce ya kusanci wannan jirgi iyakar iyawarsa. Masu abin sukan yi gardama a kan yawan ƙusoshin da ke jikin fiffike, ko launin da wani jirgi ya sa a wani wata na wata shekara. To ina ga jirgin da babu shi? Masu sha'awar sun ba wannan reshe suna, Luft '46, wato rundunar saman Jamus kamar yadda za ta kasance da yaƙin ya kai 1946 maimakon ya ƙare a watan Mayun 1945.

Ba Jamus kaɗai ke da jiragen takarda ba. Japan ta tsara wani ƙaton jirgin jefa bama-bamai mai inji shida, Nakajima Fugaku, da nufin ya kai har Amurka, aka soke aikin a 1944. Ingila da Amurka da Tarayyar Sobiyet duk suna da nasu. Amma na Jamus sun fi yawa, sun fi ban mamaki, kuma dalilin hakan na cikin halin da ƙasar ta shiga. Zuwa tsakiyar 1944 jiragen Amurka na ruwan bama-bamai a kanta da rana, na Birtaniya da dare. An ragargaza masana'antun man da take sarrafawa daga kwal, a watan Agusta kuma ta rasa rijiyoyin man Ploiești na Romaniya. Ba za ta iya yin gogayya da abokan gabanta wajen yawan jirage ba, sai shugabanninta suka sa rai a kan fifikon fasaha: jirgi ɗaya da zai fi goma gudu. A watan Yulin 1944 aka ƙaddamar da shirin gaggawa na jiragen kakkaɓo, aka buƙaci kamfanoni su kawo tsare-tsare. Messerschmitt, Focke-Wulf, Heinkel, Junkers, Arado, Blohm & Voss, kowanne na da ofishin zane, kowanne na neman kwangila, kuma tsari ɗaya kan haifi 'ya'ya biyar ko goma, a sauya fiffike nan, a matsar da inji can. Masu tarihi da dama na ƙara wani dalili na ɗan Adam: injiniyan da ke kan aikin da aka kira muhimmi ba a tura shi fagen daga, don haka babu wanda ke son teburinsa ya zauna babu zane.

A lokacin kuma akwai sababbin abubuwa biyu da suka buɗe ƙofar tunani. Na farko injin jet, wanda ba ya buƙatar farfela. Da zarar an cire farfela daga hancin jirgi, ana iya sa inji a ciki, ko a baya, ko a kan gadon baya, siffar jirgi ta daina zama dole guda ɗaya. Na biyu fiffike mai karkata baya. Wani masani Bajamushe, Adolf Busemann, ya bayyana a wani taro a Roma a 1935 cewa karkatar da fiffike na rage turjiyar iska a matsanancin gudu. Bayani a sauƙaƙe shi ne, in jirgi ya kusanci saurin sauti, iskar da ke bi ta saman fiffike kan dunƙule ta yi masa cikas, amma in fiffiken ya karkata, iskar na haɗuwa da shi a kaikaice, sai matsalar ta jinkirta. Jamusawa sun gwada wannan a manyan bututun iska, inda ake kafe ƙaramar siffar jirgi a hura mata iska mai ƙarfi a auna abin da ya faru.

Ta 183 ɗan wannan zamani ne. Hans Multhopp ne ya tsara shi a ƙarƙashin Kurt Tank, shugaban masu zane na Focke-Wulf, wanda daga sunansa aka samo haruffan Ta. Faɗin fukafukansa mita 10 ne, sun karkata da digiri 40, kuma an shirya lulluɓe su da katako saboda ƙarancin alminiyam. An tanadar masa bindigogi huɗu masu bakin milimita 30, da injin Heinkel HeS 011, wanda shi kansa bai wuce matakin gwaji ba. A watan Afrilun 1945 sojojin Birtaniya suka kama ofisoshin zanen kamfanin a Bad Eilsen, aikin ya tsaya nan. A ma'aunin 1/72 faɗinsa ya kai kusan santimita 14, a 1/48 kuma kusan 21.

Wasu tsare-tsaren sun fi wannan nisa da abin da ido ya saba. Triebflügel na Focke-Wulf an so ya tsaya a kan jelarsa, hanci sama, da fukafukai uku masu juyawa a kewayen gangarsa, kowanne da ɗan inji a bakinsa, ya tashi tsaye ba tare da filin jirgi ba. P.13a na Alexander Lippisch siffar alwatika gare shi, kuma saboda babu mai, an yi tunanin injinsa ya riƙa ƙona garin kwal a cikin wani kwando na ƙarfe. Richard Vogt na Blohm & Voss ya zana P.194, wanda ɓangarensa na dama da na hagu ba su yi daidai ba. Arado E.555 kusan duk jikinsa fiffike ne. Eugen Sänger da Irene Bredt kuwa sun lissafa wani jirgin roka, Silbervogel, da zai hau har gefen sararin samaniya ya riƙa tsalle a kan iskar duniya har ya kai Amurka.

Da yaƙi ya ƙare, ƙasashen da suka yi nasara suka shiga rige-rigen kwasar takardu da injiniyoyi. Tarin takardu suka tafi Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet, suka kwanta a ma'ajiyoyi shekara da shekaru. A hankali marubuta suka fara tono su. Littafin David Masters mai suna German Jet Genesis ya fito a 1982, na Walter Schick da Ingolf Meyer a kan tsare-tsaren sirri na rundunar saman Jamus ya fito da Ingilishi a 1997, cike da zane-zane masu launi da ke nuna jiragen kamar suna bakin aiki. Wasannin kwamfuta suka ɗauka, irin su Secret Weapons of the Luftwaffe na 1991 da IL-2 Sturmovik: 1946. Kasuwar samfura ta biyo baya.

A nan ne aikin ya fi ban sha'awa, domin mai ƙera samfurin jirgin da aka taɓa yi yana iya zuwa gidan tarihi da tef ɗin awo, ko a yanzu da na'urar da ke ɗaukar siffar abu da haske. Mai ƙera na jirgin takarda kuwa sau da yawa abin da ke hannunsa shi ne zane mai fuska uku: jirgin daga gefe, daga sama, daga gaba. Wannan zane na faɗin tsawo da faɗi da inda inji zai zauna. Ba ya faɗin yadda gangar ke lanƙwasa tsakanin hanci da fiffike, ko inda faranti ɗaya na ƙarfe zai ƙare wani ya fara, ko yadda allon agogunan matuƙi zai kasance, ko abin da ke cikin ramin da tayoyi ke shiga. Dole a cike waɗannan guraben. Hanyar da masu hankali ke bi ita ce aro daga dangi: in jirgin na Focke-Wulf ne, a duba kujera da sandar tuƙi na Fw 190 ko Ta 152, waɗanda aka ƙera da gaske, a ce mai yiwuwa da haka za a yi. In zanen ya nuna injin Jumo 004, ai akwai injin a gidajen tarihi. Shi ya sa in aka ajiye samfuran jirgi ɗaya daga kamfanoni biyu za a ga sun bambanta, kuma babu wanda zai iya cewa wannan ne daidai. Wani lokacin ma kamfanonin sun ɗauki zane daban-daban ne na tsari ɗaya, tunda injiniyoyin sun yi ta sauya ra'ayi daga wata zuwa wata.

Sai batun zubi, wanda shi ke yanke hukuncin jirgin da zai shiga kwali da wanda ba zai shiga ba. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam a kasuwa ya san tushen abin: a yi gurbi mai siffar abin da ake so, a zuba narkakken abu, ya huce, a buɗe. Manyan kamfanoni na sassaƙa gurbin a cikin ƙarfe mai tauri, gida biyu, inji ya tura narkakkiyar roba ciki da ƙarfi, cikin daƙiƙoƙi firam ya fito. Irin wannan mazubi na iya fitar da dubban ɗaruruwa, amma sassaƙa shi na cin kuɗi mai yawa, don haka sai an tabbata za a sayar da yawa. Spitfire da Mustang da Bf 109 kullum suna da masu saye. Jirgin da ba wanda ya taɓa jin sunansa kuwa kasada ne.

Saboda haka ƙananan masu sana'a ne suka fara riƙe wannan fage. Wasu sun yi amfani da fallen roba da ake ɗumamawa a zuƙe shi a kan siffa, mai saye ya yanko sassan da kansa, aiki mai wuya. Wasu suka koma ga rezin, ruwa iri biyu da in an gauraya su sukan daskare. Mai sana'a zai sassaƙa jirgin farko da hannu, ya lulluɓe shi da roba mai laushi ta silikon don ya sami gurbi, sannan ya riƙa zuba rezin ɗaya bayan ɗaya. Gurbin silikon na lalacewa bayan zubi 'yan gommai, don haka kayan kan yi tsada kuma su ƙare da wuri, amma mutum ɗaya a ɗakinsa na iya yi. Rezin ba ya jin gam ɗin roba, sai sufa gulu, kuma ƙurarsa na cutar da huhu, shi ya sa ake goge shi da jiƙaƙƙiyar samfefa. Jamhuriyar Cek ta yi suna a wannan sana'a da kamfanoni irin su Planet Models da Special Hobby, Unicraft na Yukren ya fitar da tsare-tsaren da ba wanda ya kula da su, Huma na Jamus ya yi Triebflügel da roba, PM na Turkiyya ya yi Ta 183 mai araha. Da aka ga akwai kasuwa, reshen Revell na Jamus ya shigo a shekarun 1990 da mazubin ƙarfe, ya fitar da Arado E.555 da P.194 da wasunsu. Yanzu kuma na'urar da ke gina abu daki-daki daga zanen kwamfuta ta rage wahalar sosai, ko jirgin da mutum hamsin kawai ke so a duniya ana iya fitar da shi.

Kashi na ƙarshe na hasashen yana hannun mai haɗawa. Wane launi jirgin zai sa? Ma'aikatar jiragen saman Jamus ta lokacin yaƙi tana da jerin launuka masu lamba, kuma a ƙarshen yaƙi an fi amfani da shuɗi mai haske mai lamba 76 a ciki, da launin ƙasa da kore masu lamba 81 da 82 a sama. Mai son tsayawa kusa da tarihi zai bi wannan, ya ɗauki alamun rundunar JG 7 da ta yi aiki da jirgin jet na Me 262, ya ce da ita za a fara bai wa sabon jirgin. Zai ma iya barin wani faranti ba fenti, ya nuna an haɗa jirgin cikin gaggawa daga sassan da aka yi a wurare daban-daban, kamar yadda ya faru da jiragen gaske a 1945. Wani kuma zai yi masa launin hamada, ko ya manna masa taurarin Amurka a matsayin ganimar da aka kama. Mutane da yawa na cewa wannan 'yanci ne ya jawo su, hutu ne daga gardamar ƙusoshi. Akwai wani ɗan abu da kowa ke koya da wuri: jirgi mai taya a hanci, in ba a cusa masa ɗan dalma a gaba kafin a rufe gangar ba, zai zauna a kan jelarsa, domin robar ba ta da nauyin inji da bindigogin da za su danne gaban.

Ke nan abin da ke kan tebur a ƙarshe hawa uku ne: zanen injiniya, cikon mai ƙera kwali, da zaɓin mai fenti. Roba kuwa ba ta nuna inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Samfurin jirgin da aka ƙera dubu talatin da na wanda bai wuce takarda guda ba, nauyinsu ɗaya a hannu, kyansu ɗaya a ido. Daga nan ne wani ra'ayi ya yaɗu, cewa saura ƙiris Jamus ta juya yaƙin, da ta sami wata shida ko shekara.

Abin da ya biyo bayan yaƙin ya ba da damar gwada wannan ra'ayi. Kurt Tank ya koma Ajantina, ya gina Pulqui II a kan tunanin Ta 183, da injin Rolls-Royce na Ingila, cikin zaman lafiya, ba mai jefa masa bam. Jirgin bai tashi ba sai 1950, bayan an sauya abubuwa da yawa, ya zo da matsalolin sarrafawa, matuƙa biyu suka mutu a gwajinsa, kuma ba a taɓa ƙera shi da yawa ba. Messerschmitt P.1101, wanda Amurkawa suka tarar an kusa gamawa a Oberammergau, ya zama tushen Bell X-5 da ya tashi a 1951, shi ma ɗaya daga cikin biyun da aka yi ya faɗi da matuƙinsa. Ɗalibai sun gina siffar jirgin Lippisch marar inji, DM-1, aka kai ta bututun iska na Langley a Amurka, aka ga ba ta ɗagawa yadda aka zata sai da aka gyara bakin fiffiken. Jirgi mai tsayawa a kan jela kuwa, Amurka ta gwada da Convair XFY a 1954, ta gano tashi ba shi ne wuya ba, sauka ce, matuƙi na kwance yana waiwaye yana neman ƙasa. Ko Me 262 da ya shiga yaƙi da gaske, injinsa kan gaji bayan awa 10 zuwa 25 saboda babu ƙarafan da ke jure zafi, kuma sau da yawa yana ajiye don babu mai ko babu ƙwararren matuƙi. Tunanin injiniyoyin na da daraja, fiffike mai karkata ya zama ruwan dare a duniya, amma tsakanin zane da jirgin da za a dogara da shi akwai shekaru na gwaji da asarar rayuka.

Akwai kuma abin da murfin kwali ba ya nunawa. Jiragen jet da Jamus ta ƙera a watannin ƙarshe, da hannun fursunoni aka yi babban kaso na aikinsu. An haɗa gangar Me 262 a ramukan ƙarƙashin ƙasa na Gusen, He 162 kuma a wani kogo a Hinterbrühl kusa da Biyana, duka da fursunonin sansanin Mauthausen da rassansa, kuma dubbai sun mutu a wannan bauta. Da an ƙera Ta 183, da hannayen da za su ƙera shi ke nan. Dokar Jamus ta hana baje alamar 'yan Nazi, shi ya sa kwalayen da ake sayarwa a can ba sa ɗauke da ita, wasu kamfanonin waje kuma kan raba ta gida biyu a takardar tambura, mai haɗawa ya yanke wa kansa shawara.

A ganina wannan sha'awa na da amfani na gaske, kuma amfanin ya fi fitowa ga wanda ya riƙe hawa ukun nan a ransa. Mutumin da ya haɗa Triebflügel da hannunsa, ya juya fukafukan, ya ga inda matuƙi zai zauna, zai fahimci matsalar saukarsa fiye da wanda ya karanta shafi goma. Wanda ya ajiye Ta 183 kusa da Pulqui II a ma'auni ɗaya zai ga da idonsa abin da Tank ya sauya, fiffike ya hau sama, ganga ta ƙara tsawo, sai ya fara tambayar dalili. Matsala na zuwa ne in an bar zanen murfi ya zama shi ne tarihi. Masu bincike irin su Dan Sharp na Ingila sun koma ga ainihin takardun kamfanonin a 'yan shekarun nan, suna tantance wane zane ne na lokacin yaƙi, wanne ne marubutan baya suka ƙawata ko suka laƙaba wa suna, kuma wasu jiragen da aka daɗe ana sayar da samfurinsu ashe ɗan zanen kwatance ne da injiniya ya yi ya ajiye tun kafin yaƙin ya ƙare.